Barka da Sallah daga Malesiya

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana. A gaishe mini da Baba da Inna da yara.

Na san yanzu an gama fiɗa. Kafin naman ya ƙare a kaskon suya, ka sa a ware kilo 1 na cinya a gwada tsiren mutanen nan. Sate suke ce masa, garin Kajang da ke kusa da babban birninsu Kuala Lumpur ne ya yi suna a kansa. Su ma da gyaɗa suke yi, sai dai ba sa barbaɗa ƙuliƙuli, miya suke yi da ita ana tsomawa.

A yanka naman ƙanana kamar kan babban yatsa. A daka albasa 2, tafarnuwa 4, kurkum cokali 1, gishiri, mazarƙwaila cokali 3, da ciyawar nan ta shayi mai ƙamshin lemun tsami guda 3, farin gindinta kawai, ganyen duk zare ne. A cakuɗa ya yi awa 4, in akwai wuta ya kwana a firji. A jiƙa tsinke na minti 30 don kada ya ƙone, yanka huɗu a kowanne, da ɗan kitse a tsakiya.

Wajen gashi ake ɓata shi. Mai tsiren gida yana kafa tsinkensa a gefen wuta, wannan kuwa a kan garwashi ake ɗora shi, ana fifita, ana shafa mai, minti 3 a juya. In gawayin na ci da harshe, mazarƙwailar za ta ƙone, waje ya yi baƙi da ɗaci, ciki ɗanye. A jira sai toka ta rufe garwashin.

Miyar: soyayyiyar gyaɗa kofi 1, a daka kada ta yi laushi. A soya albasa da barkono har mai ya taso, a zuba gyaɗar da ruwan tsamiya da ɗan zaƙi, a yi ta juyawa minti 20, don saurin kamu gare ta. Da curin shinkafa da kokwamba ake ci.

A Indonesiya kuma saten garin Padang miyarsa rawaya ce, an kaurara ta da garin shinkafa, har harshen saniya suke tsirewa. Na tsibirin Bali niƙaƙƙen nama ne ake naɗawa a tsinke.

Ni dai zaƙin ya yi mini yawa, na Baba a rage mazarƙwaila. In an samu mai zuwa, Inna ta aiko mini da yajin ƙuli.

Ƙaninka.