Amsa Ga Hajiyar Da Ta Tambaye Ni Batun Maganaɗisu Da Ciwon Daji

Hajiya, assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

A taron wayar da kan mata a Runjin Sambo kin miƙe gaban jama'a kika ce: "Malam, wai gaskiya na an yi maganin daji wanda maganaɗisu ka ja har wurin ciwo? In haka na, ɗiyata ta dakata da allurar ga mai zubar mata da gashi." Kiran Magariba ya katse mu, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Kada ta dakata, Hajiya. Ko zama ɗaya kada ta tsallake.

Maganar dai tana da tushe. Kin san yadda yara ke cire maganaɗisun tsohuwar rediyo su ja shi cikin rairayi, baƙin gari ya manne masa? Irin wannan sinadarin ƙarfe ake sarrafawa ya zama ƙwayoyin da ido ba ya gani. Da ma'aunin ƙananan abubuwa da ake kira nanomita, kaurin silin gashi ya kai 80,000, su kuwa galibi ba sa wuce 100. Sai a lulluɓe kowace da riga ta folima, wani abu mai kama da danƙo (ƙaron nan namu ma folima ne, kuma an gwada shi a wannan aiki). Rigar ce ke hana su cuɗewa cikin jini, ita ce kuma ke goya maganin, kamar dokzorubisin, jar allurar nan mai wahalar da zuciya. A zuba su a jijiya, a ɗora maganaɗisu mai ƙarfi daidai inda ƙarin dajin yake, su taru can. Wasu rigunan an tsara su ne su saki kayansu inda tsami ya yi yawa, naman ƙari kuwa ya fi lafiyayye tsami.

A matsayina na mai koyar da harhaɗa magunguna, dabarar tana burge ni. Amma ba sabuwa ba ce. Tun 1978 aka gwada ta a kan ɓeraye a Amurka, a 1996 kuma Andreas Lübbe da abokan aikinsa a Jamus suka gwada wa marasa lafiya 14, ƙwayoyin suka taru a ƙarin kusan rabinsu. Yau shekara kusan talatin, abin bai zama maganin yau da kullum ba, har a can Turai.

Me ya riƙe shi? Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in an ɗan nisanta. Ƙarin da ke kusa da fata yana samun rabo, na can cikin ciki sai dai ya ji labari. Ga hanta da saifa suna tsince ƙwayoyin kamar kaji a bakin turmi. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen dabbobi ya gano ƙasa da kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi ne ke isa ƙari.

Masu tallar awarwaro da ɗamarar maganaɗisu a kasuwa kuwa, babu abin da ya haɗa kayansu da wannan bincike.

Ku ci gaba da zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a ranakun da aka rubuta muku. In jar allurar ce ake yi mata, ki roƙi likita ya riƙa duba zuciyarta, ki kuma gaya masa in amai ya matsa, akwai maganinsa. Gashi yakan tsiro bayan an gama, in sha Allah.

A gaishe min da ita.

Ɗanki,
Malamin da kika tambaya