Neman Shawara Kan Takardar Shaida Mai Hoto ta Marayun da Nake Riƙo

Assalamu alaikum Barista,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo, na rubuto maka ne daga Tudun Wadan Zariya a kan wata matsala da ta shafi 'ya'yan ƙanina marigayi guda biyu, waɗanda suke hannuna tun bayan rasuwarsa. Macen ce babba, shekarunta 15, tana ajin ƙarshe na sakandare, namijin kuma shekarunsa 9. Mahaifiyarsu tana raye, amma ta sake aure a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Giwa, kuma ita kanta ba ta taɓa yin rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba.

Idan yau aka ce yarinyar nan ta kawo shaida mai ɗauke da hotonta, ba ta da abin nunawa sai katin makaranta, wanda ba ya aiki da zarar ta fita daga ƙofar makarantar. Katin zaɓe na INEC sai mutum ya cika shekara 18, haka ma lasisin tuƙi. Fasfo kam ana yi wa yaro ko da jinjiri ne, amma ban da tsadarsa, Hukumar Shige da Fice tana neman lambar NIN da takardar haihuwa da wasiƙar amincewar iyaye kafin ta bayar. Ke nan duk inda na juya, hanyar komawa take yi kan wannan lamba mai alƙaluma 11 ta hukumar NIMC. Lokaci kuma yana ƙure mana, domin tun shekarar 2021 hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, ga shi burin yarinyar ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta karanci haɗa magunguna, kuma malamanta suna shaidar cewa za ta iya.

Abin da na fahimta shi ne, yaron da bai kai shekara 16 ba ba ya yin rajista shi kaɗai, sai ya je tare da uba ko uwa ko mai riƙonsa wanda yake da tasa lambar, a kuma gabatar da takardar haihuwa, sannan idan ya cika 16 ya koma a sabunta bayanansa da zanen yatsunsa. Ni ina da NIN, amma ba ni da wata takarda ta kotu da ta ce ni ne mai riƙon yaran. A gidajenmu idan mutum ya rasu, 'yan uwa ne suke zama bayan sadakar bakwai su ce wane ya ɗauki yara, shi ke nan, babu wanda yake tunanin zuwa gaban alƙali. Shin Barista, takardar shaidar rasuwar mahaifinsu tare da wasiƙar mai unguwa sun isa su tabbatar da riƙona, ko kuwa dole sai na je Kotun Shari'a an rubuta mini? Ko ya fi sauƙi in sa a kawo mahaifiyar ta yi tata rajistar tukuna, sannan a rataya yaran a kan lambarta?

Abin da ya fi hana ni barci shi ne maganar suna da shekarar haihuwa. A gida aka haifi yarinyar a hannun ungozoma, ba a kuma karɓar mata takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba. Rubutaccen abin da muke da shi tun tana jaririya shi ne katin rigakafi na asibiti, wanda ya nuna watan Maris, kuma shi ne gaskiya, domin ina nan aka raɗa mata suna. To amma lokacin da aka mayar da ita wata makarantar firamare kusa da gidana, wanda ya cika rajista ya ƙara mata shekara guda, ya kuma rubuta sunana a gurbin sunan uba, saboda ni ne nake biyan kuɗin makaranta. Da wannan suna da wannan shekara ta shiga sakandare, da su kuma aka san ta har yau.

Mutane da dama sun ce in bi abin da ke takardun makaranta kawai, wai hakan zai sa komai ya zo daidai, kuma a kan takarda ta riga ta cika 16, za ta yi rajista da kanta ba tare da an nemi mai riƙo ba. Wani mai shagon kwamfuta ma har cewa ya yi zai samo mini takardar rantsuwa ta kotu a rana ɗaya, da kowace shekara nake so. Zuciyata ba ta amince ba. Rantsuwa a kan ƙarya ba abin wasa ba ce, kuma Allah ya umarce mu a Suratul Ahzab da mu kira yara da sunan ubanninsu. Ban da haka, ƙanina ya bar gida a Gyallesu da gona, kuma idan takardar gwamnati ta ce wannan yarinya 'yata ce, ina jin tsoron ranar da ba na raye wani zai tsaya ya ce ba ta da gado a dukiyar mahaifinta, ko kuma 'ya'yana su shiga rigima da ita a kan abin da na bari. Sunan uban nan shi ne abu mafi daraja da ya rage mata daga gare shi, kuma ba na so ya zama ni ne na raba ta da shi saboda gaggawar jarrabawa.

Sai dai kuma na san cewa idan sunan da ke NIN ya saɓa da wanda ke takardar WAEC ko NECO, ɗalibi yana shan wahala a wajen tantancewa bayan an ba shi gurbin karatu, kuma gyaran ranar haihuwa a NIMC bayan an riga an yi rajista yana cin kuɗi da lokaci. Don haka nake so ka faɗa mini da wanne zan fara. Shin in fara karɓo takardar haihuwa da sunan mahaifinta da shekararta ta gaskiya, tunda har yanzu ba ta kai 18 ba, sannan in kai wa shugaban makaranta ya gyara rajistarsu kafin a tura sunayen masu jarrabawa? Idan makarantar ta ce lokaci ya wuce, wace takarda ce za ta haɗa sunayen biyu ta nuna cewa mutum ɗaya ce? Jira har ta cika 16 a watan Maris kuwa yana iya sa rajistar JAMB ta wuce ta, domin a farkon shekara aka saba yin ta.

Game da namijin, ina so in yi masa tasa tun yanzu kafin ya kai inda yayarsa ta kai. Ina tambaya ko takardar NIN da ake bugawa da hoton yaro tana wadatarwa a banki idan zan buɗe masa asusun da za a riƙa zuba kuɗin hayar gidan mahaifinsa, kuma da sunan wa ya dace a buɗe asusun, domin amana ce da za a tambaye ni a kanta.

Ina roƙon ka amsa a shirin mako mai zuwa idan da hali, ka kuma ɓoye duk abin da zai sa a gane yaran. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
Baffan marayu, Tudun Wada, Zariya