Wasiƙa daga Damagaram, kan dawakin Sarki

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Damagaram sai godiya, zafi ne kawai da wahalar ruwa da ka sani.

Na ga saƙonka kan musun da kuka yi da abokanka Kanawa, har kana tambayata me ya hana Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga cin birnin Kano, alhali ya kai yaƙi ƙasar a zamanin Sarkin Kano Alu, an gwabza a Gezawa. Kai ka ce ƙaddara, su sun ce jarumtar Kanawa. Ni a ganina ku duka kun manta da cikin doki.

Ka fara da mahayin. Ba a shiga ƙauye a kamo manomi a ɗora shi bisa sirdi a ce ya zama barde. Mutumin da zai riƙe linzami da garkuwa a hannu guda, mashi a ɗayan, doki na sukuwa, tun yana yaro ya saba. Shi ya sa sarki ke dogara da masu sarauta, kowa ya fito da barorinsa, sai bayin sarki da ake ba doki da kayan yaƙi daga fada. Talaka kuwa ƙasa yake bi da baka da kwari. In barde ya faɗi a fagen fama, samun madadinsa aikin shekaru ne.

Dokin ma haka. An ruwaito cewa a Barno, a ƙarni na 16, doki guda mai kyau yana kaiwa bayi 15 zuwa 20. Kai hari a kamo mutane, a sayar a sayi dawaki, a sake kai hari: haka abin ya yi ta juyawa, kuma ba na jin akwai abin taƙama a nan, ko da makaɗa ba sa faɗa. Ga shi dabba ce mai laulayi. Damina ta kan zo da ciwon dawaki, in an nutsa kudu sosai kuma ƙudan tsando ya gama da su.

Amma babbar matsala ita ce ci da sha. Doki mai aiki cikin zafinmu yana iya shan ruwa lita 30 ko fiye a rana, ga tiyar hatsi, ga harawa, ga dusa, ga kanwa. Shi bai ɗaukar abincinsa. Sai an samu mai yankan ciyawa, da zagi, da jakuna ko raƙuman kaya, su ma duk da bakinsu. Ɗan lifidi ya fi kowa tsada, domin auduga ce aka cusa aka ɗinke ta rufe doki da mahayi, nauyinta na gajiyar da dabba, sai an zaɓi ƙaƙƙarfa.

Sannan ga lokaci. Da damina mutane na gona, in ka kwashe su ka kashe rumbun baɗi. Dole sai bayan kaka a fita. To a lokacin ne kuma ciyawa ke bushewa, tafkuna na janyewa, kowace rijiya sai an yi layi. Daga nan zuwa Kano wajen kilomita 240 ne. Rundunar dawaki za ta iya zuwa ta yi kaca-kaca da ƙauyuka, amma zama a bakin ganuwa wata da watanni wani abu ne daban: cikin ƴan kwanaki sun cinye rumbunan kewaye, sai a riƙa tura mutane nesa neman harawa, inda abokan gaba ke jiran su.

Ina zaton Sarki Tanimun, mahaifin Kuran Daga, ya gane haka, shi ya sa ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya sayo bindigogi ta hanyar Tarabulus, har aka ƙera igwa a nan garin. Ɗan bindiga ya fi barde saurin koyo, kuma bindiga ba ta cin hatsi. Duk da haka, da Faransawa suka zo a 1899, shekara guda bayan kisan Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a Tirmini kusa da nan aka karya rundunar Kuran Daga, domin bindigoginsu sun fi namu nisa da sauri, lifidi kuwa bai tare harsashi.

Ka faɗa wa mutanenka na Kano haka, in sun yarda to, in sun ƙi su zo hawan salla su tambayi mai doki nawa yake kashewa a harawa kafin watan Mayu. Maƙwabcinmu ya sayar da nasa bana saboda tsadar dusa.

Inna tana gaishe ka, ta ce maganin ƙafar da ka aiko ya yi mata amfani, in da hali a ƙaro. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka na Birni