Gwajin maikro-RNA da dajin hanji: a fara gyara yadda ake adana samfuri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini kan wata tambaya da ta yawaita tun da aka ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2024 saboda gano maikro-RNA: wai yanzu da ɗan jini kaɗan za a iya gane dajin babban hanji da dubura, har a san ko zai dawo bayan tiyata? Tukuna dai. Sai dai akwai aikin da ya kamata asibitocinmu na Kaduna su soma tun yau.

Maikro-RNA 'yan guntaye ne a cikin ƙwayar halitta, tsawon kowanne bai wuce haruffa 22 ko kusa da haka ba. Ba sa ƙera furotin. Aikinsu su manne wa saƙon da zai ƙera shi su rage masa gudu, kamar burkin mota. Idan daji ya kama hanji, wasu kan yi yawa, wasu su ragu. Wani mai suna miR-21 yana ƙaruwa, ya danne furotin ɗin PTEN da PDCD4 waɗanda ke hana ƙari bunƙasa, kuma wani bincike na 2008 ya nuna masu yawansa a cikin ƙarin sun fi saurin mutuwa. miR-143 da miR-145 kuwa raguwa suke yi, alhali miR-143 na cikin masu riƙe linzamin KRAS, ƙwayar gado mai ingiza ƙari ya girma idan ta sauya.

Inda wannan zai fi amfani shi ne mataki na biyu na cutar, wato an yanke ƙarin, an duba kaluluwa aƙalla 12 ba a ga daji a ciki ba. Yawancin irin waɗannan tiyata kaɗai ta ishe su, amma na wasu yakan dawo. Wa za a ɗora wa ƙarin ruwan magani? Ga tsada, ga maganin daji na oxaliplatin da ke kashe jijiyar yatsun hannu da ƙafa. Alamar da za ta tantance su da ta yi rana. Amma har yanzu ba ta shiga ƙa'idar magani ba. Abin dogaro shi ne matakin cutar, CEA (furotin da ake aunawa a jini), KRAS da MSI (alamar cewa ƙarin ya kasa gyara kurakuran ƙwayoyin gadonsa). Duk wanda ya tallata wa majinyaci gwajin maikro-RNA a matsayin hukunci, kuɗinsa kawai zai ci.

Ta ɓangaren magani ma haka. An gwada maganin MRX34, kwaikwayon miR-34a mai hana ƙari bunƙasa, a jikin masu daji iri-iri, aka dakatar a 2016 bayan garkuwar jiki ta yi wa wasu tawaye har mutum huɗu suka rasu.

Babbar matsalar tana tun wajen ɗibar jini. miR-92a, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yayatawa a matsayin alamar dajin hanji, yana nan jingim a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Da zarar sun fashe, sakamakon ya hau ko da mutum lafiyarsa ƙalau. Allura siririya, ɗaure hannu ya daɗe, girgiza kwalba, ko barinta a aljihun ɗan aike cikin zafin watan Afrilu, duk suna fasa su. Mu kuma a nan ga sikila ga zazzaɓin cizon sauro, masu fasa jini tun yana cikin jiki, don haka ma'aunin da aka yanka wa Turawa ko 'yan Sin ba lallai ya dace da mu ba. Ƙa'idar ita ce a ɗiba a kwalba mai murfi shunayya ta EDTA, ba mai koren murfi ba, domin heparin da ke cikinta yana hana na'urar PCR, wadda ke auna maikro-RNA, aiki. A juya shi a na'urar raba jini cikin awa biyu, minti 10 a ƙarfin 1,900 g (g ma'aunin ƙarfin juyawa ne), a kwashe ruwan sama a sake minti 10 a 16,000 g. In ruwan ya yi ja-ja a ajiye shi gefe, a tabbatar da fashewar jinin ta awon miR-451 da miR-23a. Sai firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, wadda in wuta ta ɗauke ta narke ta sake daskarewa, samfurin na iya lalacewa.

Shi ya sa muke ganin naman da aka yanke ya fi mana sauƙi. Maikro-RNA yana jure shekaru a cikin dunƙulen kakin da ake adana nama, kuma kaki ba ruwansa da wutar lantarki. Sharaɗin dai a tsaga hanjin, a wanke, a tsoma shi nan take cikin fomalin mai kashi 10 cikin ɗari, yawansa ya ninka naman sau goma, kada ya haura awa 72 a ciki. Abin takaici, har yanzu akan miƙa wa dangi nama a robar da fomalin bai ko rufe shi ba, ya kwana biyu a gida ana neman kuɗin gwaji, tsakiyarsa ta ruɓe. Wani lokaci ma a binne shi ba a gwada ba.

Binciken da masanan Ile-Ife suka yi da asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka a 2021 ya nuna dajin hanjin 'yan Najeriya ya bambanta da na Amurkawa: sauyin ƙwayar gado ta APC ya yi ƙaranci, MSI ya fi yawa. Bayanan na Arewa kuwa mu ne za mu tara su. Muna kira ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika su haɗa rumbu ɗaya na waɗannan dunƙulen kaki da izinin majinyata, kowanne da matakin cutar, maganin da aka ba shi, da lambar wayar ɗan uwa da za a riƙa kira duk wata shida har shekara biyar. In ba a san wanda ya rayu da wanda ya rasu ba, babu hasashen da za a iya aunawa.

Ga masu karatu kuma, jini a bayan gida da ya ƙi tsayawa, ko ramewa da sauyin bayan gida, kada a yi ta shan jiƙon basir. A nemi likita ya duba dubura da yatsa, ya tura a leƙa hanji da na'ura.

Daga wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje,
Kaduna.