Rizisto biyu na ƙona kafin na gane fankar hita ce ta gaji

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da masu tsofaffin motoci irina kan fankar nan mai hura iska cikin mota, wadda makanikai ke ce wa bulowa. Ita kaɗai ce ke turo zafin hita da sanyin esi, kuma ita ke share tururin da ke rufe gilashin gaba in ana ruwa, to ka ga ranar da ta mutu hanya ma da ƙyar za ka gani.

Tawa ta daina aiki a lamba 1, 2 da 3 na makunnin ƙarfin iska, sai a 4 kawai take tashi. Wannan kam alamar mutuwar rizisto ce, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke zuwa fankar don ta juya a hankali, don lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinsa, wuta kai tsaye take zuwa. Na canja shi, bai yi wata biyu ba ya ƙone, na sake sa wani shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ashe moton fankar ne ya gaji, bushin ɗinsa (zoben da sandar moton ke juyawa a ciki) ya bushe yana juyawa da ƙyar yana zuƙar wuta fiye da ƙima, shi kuma rizisto dama a bakin iska aka dasa shi don ta riƙa sanyaya shi, iska ta ragu wuta ta ƙaru, ina zai kai labari? Kuma wallahi ta jima tana gaya min, kullum da safe sai ta yi tsuwwa, wani lokacin sai na ɗan buga ƙasan dashbod da hannu sannan ta tashi, ni kuma ina ta murna wai na iya gyara.

Aikin canja fankar ba wuya a yawancin motoci, duk da akwai waɗanda sai an kwance dashbod gaba ɗaya. A fara duba fiyus. Sannan a cire wayar negatif ta batir, a sauke ɗan akwatin gaban fasinja, a bayansa take, soket ɗaya da kusoshi uku a tawa. Wahalar kwanciyar ce, rigingine, kai a ƙasa ƙafafu a waje, tocila a baki. Da na zaro ta sai ga busassun ganye da tsummokara cunkushe a cikin fiffiken, ɓera ya yi ɗaki abinsa.

Kafin a ɗaura sabuwa a jona ta da batir mai bolt 12 a ga ta juya, kuma a kula da wayoyin biyu don in aka sauya su baya za ta riƙa juyawa, ga ƙara ba iskar kirki. A leƙa soket ɗin ma, nawa gefe ɗaya ya yi baƙi ya narke sai da na yanke na sa wani. Na haɗa da rizisto na uku, wata bakwai ke nan duk lambobin huɗu suna aiki.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku