Sanarwa: Zaman Zane na Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar bayan La'asar, in rana ta yi sanyi, za mu haɗu a inda muka saba a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Za a shimfiɗa farin yadi guda, kowa ya zana abin da ke ransa, ko dagi, ko ƙofar gidansu. Ba sai ka iya ba, ni ma hannuna rawa yake yi.

Kowa ya taho da mutum ɗaya da kaɗaici ya dama: ɗalibin Jami'ar Ɗanfodiyo da bai san kowa ba, ko dattijon da ƴaƴansa suka yi nisa. Don Allah a zauna kusa da baƙo, ban da rukunin abokai.

Kuɗin fenti da zoɓo naira 1,000 ne, a ba ma'aji kafin Alhamis.

Allah Ya kai mu lafiya.