Sanarwa: Aikin Wikidata na Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu haɗu ta Google Meet don shigar da bayanan ƴan wasa da masu horarwa da aka dakatar cikin Wikidata, rumbun bayanai na intanet da kowa ke iya gyarawa.

Na duba wasu shafuka jiya, na tarar an rubuta hukuncin farko kawai. Ga Samson Siasia, tsohon mai horar da Super Eagles: FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada a 2019, kotun wasanni ta duniya, CAS, ta rage zuwa shekara 5 a 2021. Dole a sa duka biyun.

Kowa ya zo da suna uku, da ranar farawa, ranar ƙarewa, hukumar da ta yanke, da madogara. Jita-jitar Facebook ba madogara ba ce, don Allah. Sunan mutane ne.

Allah ya kai mu lafiya.